Jagora a Tafin Hannu

Sayayya iri biyu ce, kamar yadda kowane magidanci ya sani. Akwai wadda tilas ke sa mutum ya yi, akwai kuma wadda marmari ke kai shi gare ta. Ta farkon ba ta neman dogon bayani, domin babu mai tambayar ka dalilin sayen buhun shinkafa ko takalmin makaranta. Ta biyun kuwa ita ce mai sa mutum ya kwana yana saƙawa yana kwancewa, musamman idan kuɗin da ke aljihunsa ƙidayayyu ne, ga kuma 'yan'uwa a gida da ke sa ran a tuna da su a ƙarshen wata. Abin da za mu ba mai karatu labarinsa a wannan fitowa ya faɗo ne a tsakanin biyun. Wata 'yar na'ura ce da ba ta cika tafin hannu ba, wadda ake kira GPS, da kuma yadda muka yi ta kai-kawo kafin mu zaɓi wadda ƙarfinmu zai iya ɗauka.

Karatu ne ya kai mu kudu maso yammacin ƙasar Ingila, mu da uwargida da yara uku. Wanda bai taɓa yin hunturu a can ba, da wuya ya gane abin da yake yi wa yaro. A watan Disamba tun wajen ƙarfe huɗu na yamma rana take faɗuwa, ga yayyafi ba dare ba rana, ga kowa ya kulle ƙofarsa. Yaran da a gida sai an aika a kamo su daga waje bayan magariba, sai ga su sun koma zaman kujera, kowa ya ƙura wa gilashi ido, ka yi sallama sau uku kafin a amsa maka sau ɗaya. Wannan abu ya dame mu ƙwarai, domin ba mu ketare teku don mu koma da yara masu jin Turanci amma ba su san gabas da yamma ba. Ana cikin haka wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya ba mu labarin wani wasa da shi da jikokinsa suke fita yi duk ranar Asabar. Turawa na kiran sa jiyokashin, mu kuwa a gidanmu farautar ajiya muke ce masa.

Ga yadda wasan yake. Mutum zai sami ɗan mazubi mai murfi wanda ruwa ba ya shiga, ya saka ɗan littafi da fensir a ciki, wani lokaci da 'yan tarkacen wasan yara, ya je ya ɓoye shi a kogon bishiya ko ƙarƙashin dutse ko bayan katanga. Sai ya ɗauki lambobin wurin da na'urarsa, ya sanya su a shafin Geocaching.com, tare da bayanin wuyar neman da wuyar hanyar, kowanne daga mataki na 1 zuwa na 5. Duk mai sha'awa sai ya kwafi lambobin ya fita nema. In ya samu, ya rubuta sunansa da kwanan wata a littafin, in ya ɗauki wani abu ya ajiye wanda ya kai shi daraja ko ya fi, sannan ya mayar da mazubin daidai yadda ya tarar da shi. Ba a binne ajiya a ƙasa, ba a sa abinci a ciki, kuma dole a bar tazarar mita 161 tsakanin wata ajiya da wata. Babu kyauta, babu alƙali, amana ce kawai tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. A yau akwai irin waɗannan ajiyoyi fiye da miliyan 3 a ƙasashe sama da 190.

Abin sha'awa shi ne kakan wannan wasa maƙwabcinmu ne. Dajin Dartmoor, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 954, bai da nisa da inda muke zaune. A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a wani lungu mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool, domin duk wanda ya iya kai kansa can ya bar katinsa shaidar ya zo. Daga nan al'adar ɓoye akwatuna a dajin ta samo asali, ana nemo su da taswira da kamfas da kwatance. Shi kuwa na zamani sai da ya jira taurarin ɗan'adam. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro tsarin GPS, suka harba tauraro na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995 da taurari 24. Tun a 1983, bayan da Tarayyar Sobiyat ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya saki hanya, mutum 269 suka halaka, Shugaba Reagan ya ba da sanarwar cewa farar hula ma za su amfana da tsarin. To amma an yi bayarwar ne da hannu ɗaya, domin da gangan ake dagula saƙon da farar hula ke samu, har kuskurensa yakan kai mita 100. Sai a farkon watan Mayu na 2000 Shugaba Clinton ya ba da umarnin a daina dagulawar. Ranar 3 ga watan, wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon don ya gwada ko da gaske ne, ya ba da lambobin wurin, cikin 'yan kwanaki aka nemo shi. A watan Satumba na shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin da muka ambata da ajiyoyi 75 kacal.

Kafin mutum ya zuba kuɗinsa a kan abu, ya kamata ya san yadda abin yake aiki, in ba haka ba mai kanti ne zai zaɓa masa. Taurarin nan suna can sama da nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana ɗaya, kuma kowanne yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Aikinsu kawai shi ne su yi ta shelar inda suke da kuma lokacin da suka yi shelar. Na'urar da ke hannunka ba ta aika komai, saurare kawai take yi. Takan auna tsawon lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa, idan ta ji daga taurari huɗu ko fiye sai ta fitar da inda kake tsaye. Tun da yake saƙon yana gudun haske ne, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yakan zama kuskuren mita 300 a ƙasa. Saƙon kuma yana isowa ne da rauni, shi ya sa duhuwar bishiyoyi ko dogon gini ko tsaunin dutse kan tare shi ko su karkatar da shi. Ba a biyan ko kwabo don sauraren sa, kuma ba ya buƙatar layin waya.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce uwargida ta riƙe da muka kawo zancen saye. Cewa ta yi, "Malam, ai wayar da ke hannunka ma tana da wannan abu. Me zai sa mu sayi abin da muke da shi?" Gaskiya ta faɗa, kuma duk mai son gwada wasan nan shawararmu gare shi ita ce ya fara da wayarsa, domin akwai manhajar wasan da ake saukewa kyauta, kuma a cikin gari waya ta wadatar. Mu ma da ita muka yi watanni biyu. Sai dai abubuwa uku suka sa muka ga ba za ta kai mu inda muke so ba. Na farko, waya mai nuna taswira cikin sanyi ba ta daɗewa cajinta ke ƙarewa, alhali ita ce abin da za a kira taimako da shi idan wani ya gurɗe a daji. Dartmoor kuwa wuri ne da hazo kan sauko ba sallama, ga fadamu masu cafe ƙafa, don haka ƙarar da cajin waya wajen neman ɗan mazubi ganganci ne. Na biyu, gilashin shafawa ba ya jin yatsa idan ya jiƙe, kuma miƙa wa ɗan shekara bakwai waya mai tsada a kan duwatsu neman magana ne. Na uku shi ne ya fi nauyi a wurinmu. Gilashin waya muke gudu, to ina amfanin mu fito daji da shi, saƙonni suna ta shigowa, babban yaron yana cewa bari ya duba abu ɗaya kawai? Muna son abin da ba ya yin komai sai nuna hanya. Da muka shimfiɗa mata waɗannan, sai ta ce ta yarda, amma da sharaɗin kada kuɗin ya taɓa abin da ake aikawa gida.

Da muka shiga bincike sai muka ga ashe kasuwar ta tsuke. A da akwai kamfanoni da dama. Magellan ne ya fitar da na'urar hannu ta farko ga jama'a a 1989, kuɗinta kusan dala 3,000, har a 2010 ya yi wata musamman don wannan wasa. Amma da wayoyin zamani suka cinye kasuwar, sai ya zama kusan duk inda ka juya kayan Garmin za ka tarar. A cikin masu sauƙin kuɗi akwai dangin eTrex. Akwai eTrex 10 da ta fito a 2011, fuskarta baƙi da fari. Akwai 22x da 32x na 2019, masu fuska mai launi da taswira a ciki, ta farkon kimanin dala 200 lokacin fitowarta, ta biyun kimanin 300. Akwai eTrex SE ta 2023 a kan kimanin dala 150. Can sama kuma ga GPSMAP 67, ita ma ta 2023, a kan kimanin dala 500. Ba sai an faɗa ba, wannan ta ƙarshen ita yara suka nuna da yatsa, ita kuma mai kanti ya fara ɗauko mana, yana ta zayyana yadda take sauraren taurari ta zango biyu don rage kuskure a cikin duhuwa. Ba ƙarya ya yi ba, na'ura ce ta gaske. Tambayar ita ce, wannan fifiko nata zai amfane mu a abin da muke son yi?

A nan ne ɗan lissafi ya cece mu. Lambobin bokitin farko na Oregon su ne arewa digiri 45 da minti 17.460, yamma digiri 122 da minti 24.800, kuma har yau a wannan siga ake rubuta lambobin ajiya. Minti ɗaya daga kudu zuwa arewa mita 1,852 ne, ke nan lambar ƙarshe ta bayan ɗigo tana wakiltar kusan mita biyu. Ƙaramar na'ura a fili mai sarari takan yi kuskuren mita uku zuwa biyar. To, shi wanda ya ɓoye ajiyar, da me ya ɗauki lambobin? Da tasa na'urar, ko da wayarsa, wataƙila shekara goma da suka wuce, wataƙila a ƙarƙashin bishiya ana ruwa. Kuskurensa yana nan daram a cikin lambobin da ya ba ka, kuma babu na'urar da za ta goge shi komai tsadarta. Mai ta dala 500 da mai ta dala 150 duk za su iso fili ɗaya mai faɗin tsakar gida, daga nan kowa ya sa tasa a aljihu ya buɗe ido. Da muka fahimci haka sai hankalinmu ya kwanta, muka daina kallon daidaito, muka koma kallon abubuwan da ke raba na'ura mai amfani da mai wahalarwa.

Abu na farko shi ne batir. Mun fi son mai cin ƙananan batura biyu masu lamba AA, irin na tocila da rediyo, domin ana samun su a kowane kanti, kuma in sun mutu a daji canzawa kawai za a yi. Na'urar da batirinta ke manne a ciki tana da daɗin sha'ani, amma ranar da ya tsufa ita ma ta tsufa. eTrex 10 da 22x da 32x sukan yi kimanin awa 25 da batura biyu, ita kuwa SE kamfanin ya ce takan kai awa 168. Na biyu shi ne jure ruwa. A duba alamar IPX7, ma'anarta na'urar za ta iya zama cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30 ba ta lalace ba, duk waɗanda muka lissafa kuwa suna da ita. Na uku shi ne kamfas, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Na'urar da ba ta da kamfas na lantarki daga tafiyarka take gane inda ka fuskanta, da zarar ka tsaya sai kibiyar ta rikice, alhali kuwa a kusa da ajiya tsayawa da juyawa ake yi. Babba yakan saba, ya yi taku biyar kibiya ta dawo hayyacinta, amma yaro fushi yake yi. eTrex 10 da 22x ba su da shi, 32x da SE suna da shi. Na huɗu shi ne yadda ake zuba mata bayanin ajiyoyi, ta waya ko ta kwamfuta, don kada mutum ya zauna yana danna lambobi ɗaya bayan ɗaya, inda lamba guda da ta kauce za ta iya kai shi wata gona daban. Na biyar, ta iya sauraren taurarin wasu ƙasashe ban da na Amurka, wato GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, domin yawan taurari yana taimakawa inda sama ta tsuke.

Mun kuma leƙa kasuwar gwanjo, tun da yake mutane da yawa kan sayi irin wannan abu da zumuɗi, su yi fita biyu, su jefa a akwati. Ana dacewa, amma kada a yi cinikin biri a sama. A buɗe gidan batir a duba ko tsohon batir ya taɓa fashewa ya ci ƙarfen, a duba robar gefe ko ta ɓanɓare, domin ita ke tare ruwa, a danna kowane madanni, sannan a fita da ita waje a ga minti nawa take yi kafin ta kama taurari. Tsofaffin da suka wuce kima kuma a bar su, domin wasunsu da wata tsohuwar igiya ake haɗa su wadda kwamfutocin yanzu ba su da kafarta, wasu kuma kwanan watansu ya rikice tun ranar 6 ga Afrilu 2019, lokacin da ƙidayar makonni ta tsarin GPS ta cika ta koma sifili. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, mu kuwa muka ƙara da cewa tsada ma ba kullum take yin sa ba.

Daga ƙarshe eTrex SE muka saya. Ba mu ce ta fi kowace ba, kuma tana da nata naƙasun. Fuskarta ƙarama ce, baƙi da fari, ba ta da taswirar hanyoyi da koguna, kibiya ce da nisa da layin inda ka bi. Wanda idonsa ya fara rauni, ko mai son ganin komai a fuska ɗaya, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki 32x. Mu dai cike giɓin muka yi da taswirar takarda ta Dartmoor, wadda hukumar safiyo ta ƙasar ke bugawa, inda santimita huɗu ke wakiltar kilomita ɗaya. Sai rashin ya zama riba, domin dole aka raba aiki. Babban yana riƙe da taswira, ta tsakiya tana riƙe da na'ura, autan kuma shi ne mai leƙa ramuka. Kibiya takan ce a miƙe, taswira ta ce akwai rafi a gaba, sai ka ji ana gardama. "Yaya, ta ce saura mita 200!" Shi kuma ya ce, "Ita ba ta san da ruwa ba, gada tana hagu." Wannan gardama ta fi mana komai daɗin ji, domin a cikinta yaro ke koyon cewa na'ura tana faɗin inda abu yake ne, amma ba ta faɗin yadda za a kai gare shi.

Akwai wani abu da mai haɗa taswira da na'ura ya kamata ya kiyaye. Kowace taswira tana da ma'aunin da aka gina ta a kai. Wasan nan da GPS suna amfani da wanda ake kira WGS84, taswirorin Ingila kuwa nasu daban ne, kuma bambancin yakan kai mita 100. Wanda ya tsaya a kan shahararren layin nan na Greenwich da na'ura a hannu zai ga ba ta nuna sifili ba, sai ya matsa gabas kimanin mita 102. Haka tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya, a kan ma'aunin Minna aka yi su. Don haka kafin a zargi na'ura da ƙarya, a fara duba ma'aunin da aka saita ta a kai.

Sai kuma maganar da ba a rubuta ta a jikin kwali. Mutumin da ke laluben gindin katanga yana waige-waige abin zargi ne a ko'ina, balle baƙo mai baƙar fata a ƙasar da ba tasa ba. A 2011 a garin Wetherby an rufe titi, aka kira masu kwance bam, saboda wani ya ga ana ɓoye ɗan mazubi a bakin hanya, ashe ajiyar wasa ce. Saboda haka muka kafa wa kanmu doka. Ba ma neman ajiya kusa da makaranta ko tashar jirgi ko banki, ba ma fita da dare, ba ma ƙetare shingen kowa, kuma a arewacin Dartmoor, inda sojoji ke atisayen harbi, in an ɗaga jar tuta ba ma shiga. In wani ya tsaya yana kallonmu, mu muke fara gaishe shi mu nuna masa abin da muke yi. Na'urar ma a nan ta yi mana rana, domin mai riƙe da ita da taswira da yara uku kowa na ganinsa ya san yawo ya fito.

Yanzu littafin da ta tsakiya ke rubuta ajiyoyin da muka samo ya kusa cika, kuma ba duka muke samu ba. Akwai ranar da mukan yi awa guda muna zagaye bishiya ɗaya mu dawo hannu rabbana, yara suna zumɓure-zumɓure a mota, amma kafin Asabar ta zagayo su ne masu cewa a koma. Autan da a da ke tsoron kare da saniya yanzu shi ke gaba. Babban ya iya duban rana ya faɗi inda arewa take kafin ƙanwarsa ta duba kamfas, har ya fara tambayarmu yadda fataken da suke zuwa Gwanja suke gane hanya ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, muka ba shi labarin madugu da abin da ya haddace na rijiyoyi da duwatsu da zango-zango.

Shawararmu ga mai niyyar saye ba ta da yawa. Ya fara da abin da ke hannunsa har ya tabbatar wasan ya shiga ransa. Ya rubuta abin da yake buƙata kafin ya shiga kanti, kada ya bari a rubuta masa a can. Ya sa batir da kamfas da jure ruwa a gaba da launi da girman fuska. Abin da ya rage na kuɗin kuma ya saya wa yara takalman da ruwa ba ya shiga, domin mun ga iyalai da dama da suka fasa fita saboda jiƙaƙƙiyar safa, ba mu taɓa ganin waɗanda suka fasa don na'urarsu ba ta da launi ba. Daidai ruwa daidai tsaki.